Baƙon da ke Cikin Kwamfutar Sabi'u

Ladan yana kiran magariba a Cadawa, kaji sun hau danga, Lubabatu tana kwashe tuwo. Mijinta Sabi'u kuwa yana durƙushe a ɗakin zaure, ya kwance bayan tsohuwar kwamfutarsa yana leƙen cikinta.

Shekara tara ke nan da ya sayo ta a Maradi. Ya ce wa matarsa ta aikin buro ce, wato na ofis, tunda akawu ne a Agye. Aikin buro ina! Ƙwallo yake bugawa a ciki, magidanci guda da furfura a gemu, ƙofa a rufe, murya a ƙasa. Kofi bayan kofi ya ci wa ƙungiyarsa ta cikin wasan, duk suna ajiye a faifan da ke cikin akwatin. To yanzu tsufa ya kama ta. Fankarta na kuka kamar injin niƙa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga sai ya tsaya cak, allo ya yi baƙi. Wata biyu Sabi'u yana saƙa da warwara: ya canza mata kayan ciki ne, ko ya yar da ita ya sayo sabuwa? Labo mai gyara a Maradi ya ce ya fara busa ƙurar tukuna, in ba ta miƙe ba, sabuwa na nan tana jiransa.

A makon ne kuma jar akuyar 'yarsa Ihsan ta ɓace. Bappa Chindo, ƙanin mahaifin Lubabatu, makiyayi, shi ya ba yarinyar ita tun ranar suna. Kwana huɗu dattijon yana bin ruga-ruga yana cigiya. Sabi'u ya ce ai ɓarayi sun yi yawa, sai haƙuri.

A wannan magaribar Sabi'u ya ɗauki famfon keke ya busa cikin akwatin, ko bismillah babu. Wata baƙar ƙura ta fito dunƙule-dunƙule, da ɗumi. Ya share ta da tsintsiya, ga shi ko yaro ya san ba a shara da magariba, ya buɗe ƙofa ya watsa tsakar gida. Daidai lokacin Ihsan ta taho da butar alwalarsa. Ƙurar ta sauka a fuskarta. Ta yi atishawa sau uku, ta ajiye butar.

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi kafin a idar da sallah. Na biyu ya fasa randa. Lubabatu ta leƙa waje, ba kowa a layin, ko kare. Da ta dawo ta tarar da Ihsan zaune daram a tabarma, idanu a kafe, manyan yatsunta biyu suna motsi da sauri, suna danna abin da ba ya nan. Daga maƙogwaronta wani kuka yake fita, dogo, mai karkarwa.

"Maigida, mi ke damun ɗiyar nan?"

Sabi'u ya san kukan, na fankar ne sak. Ya san motsin yatsun ma, nasa ne. Amma ya ce, "Ƙila zazzaɓi ne."

Kwana uku ana haka. Da rana yarinya ta kwanta ba ci ba magana, rana na faɗuwa duwatsu su fara. An kai ta likita, ba a ga komai ba. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Maƙwabta suka daina aiko yaransu ɗibar wuta. A rana ta huɗu Bappa Chindo ya je Gangara da kansa ya taho da Malam Inusa, wani siririn tsoho da ba ya ɗaga murya.

Malam ya zauna gaban yarinyar bayan la'asar ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida, tsuntsaye suka yi tsit. Can sai Ihsan ta buɗe baki, muryar ƙaton namiji ta fito.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ni ba ni da faɗa da yarinya. Gidana aka tarwatsa."

"Ina gidan naka?"

"Akwatin can na zaure. Duk gidan nan tukunya da bismillah ake ɗora ta, ƙofa da bismillah ake rufe ta. Shi kaɗai ba a taɓa yi ma ba. Ga ɗumi, ga aboki. Shekara tara, mutane su tafi masallaci, ni da maigidan muna zaune, yana bugawa ina kallo."

Lubabatu ta juyo ta dubi mijinta. "Bugawa? Ba aikin buro ba?"

"Ƙwallo, uwar gida," in ji muryar. "Kuma yanzu zai yar da ni. Jar akuya tana ɗaure a gidan Labo a Maradi, ita ya kai a bakin sabuwa."

Wayyo, kunya! Bappa Chindo ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya juya fuska ga katanga, kamar shi ya yi satar. Da ma zaginsa ya yi, da Sabi'u ya fi samun sauƙi.

"Wannan tsakaninsa da iyalinsa ne," in ji Malam. "Kai dai fita."

"In ya sayo sabuwar, a bar ni in koma cikinta."

"Ba za ka ƙara kwana a gidan nan ba."

"To a yanka mini baƙin zakara."

"Ko ƙwaro ba za a yanka maka ba." Malam ya ci gaba da karatu, yarinya tana murɗewa, har muryar ta yi ƙara.

"Na yarda! A ba ni akwatina da duk abin da ke cikinsa, a kai shi gindin kukar bayan gari. Amma mai shi ya faɗa da bakinsa."

Malam ya juyo. "Sabi'u, ka ji. Tsohon ƙarfe ne, ka ba shi."

Nan ne abin ya faru, wanda har yau Sabi'u ba ya iya tunawa bai runtse ido ba. Bai amsa ba. 'Yarsa tana kwance gabansa, ƙasusuwan wuya a waje, shi kuwa zuciyarsa ta tafi ga kofunansa na shekara tara. Shirun ya yi tsawo har Lubabatu ta ɗago kai.

"Allah gafarta Malam," ya ce a hankali, "ko zan iya cire ɗan faifan da ke ciki tukuna?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Lubabatu.

Muryar ta fashe da dariya ta bakin yarinyar. "Kun gani? Ni aka zo kora, amma shi ya fi ni son akwatin."

Sai a lokacin Sabi'u ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya zube a gwiwa. "Na ba shi! Duka, wallahi na ba shi!"

Ihsan ta yi atishawa sau uku, yatsunta suka saki, ta ce tana jin ƙishirwa. Ba a ƙara jin dutse ba.

Da safe Sabi'u ya ɗora akwatin a ka, ya ratsa gari da shi har gindin kuka, mutane na kallo. Daga nan ya hau moto zuwa Maradi. Labo ya ce, "To, sabuwar fa?" Sabi'u ya ce a kwance masa akuyar 'yarsa kawai. Da ya dawo da ita gida, Bappa Chindo ya karɓi igiyar, ya duba haƙoran akuyar da kofatanta, ya miƙa wa yarinya, bai dubi surukin nasa ba.

Bayan mako guda Ihsan ta murmure. Da magariba ta kawo wa ubanta buta kamar yadda ta saba, ta tsuguna gefensa yana alwala.

"Baba, lokacin nan ina jin komi fa, magana ce kawai ban iya ba."

"Allah ya kyauta, ya wuce."

"Da Malam ya ce ka ba shi, mi ya sa ka daɗe?"

Ladan ya gama kira. Sabi'u ya ci gaba da wanke fuskarsa, yana ta wankewa, har ruwan butar ya ƙare, ita kuwa tana tsugune tana jiran amsa.