Man Da Ya Ƙi Daskarewa

Sanyin Janairu na ratsa ƙashi lokacin da Sufeto Ridha Ellouze ya isa gonar zaitun ta Si Moncef, a bayan garin Sfax. Ya tarar da tsohon a tsugune gaban wani kututture, toka na hayaƙi a gefensa.

"Bishiyar nan ita kaɗai ce, Sufeto," in ji tsohon. "Tun ina da baƙin gashi nake haɗa furen zaitun irin Shamlali da na wasu iri. Ka san man Shamlalinmu, sanyi kaɗan ya daskare. Wannan ce ta ba ni man da ba ya daskarewa, mai yaji a maƙogwaro. An sare ta, an ƙone rassan, an ɗauke tulun man farko da zan kai gwaji. In ba reshe, irin ya mutu ke nan."

"Wa ya san inda take?"

"Maƙwabcina Tahar. Sai ɗana Nizar."

Tahar, mai sayar da dashe, ya rantse har da dukan ƙirji. "Ni? Wallahi ko inuwarta ban taɓa shiga ba!"

Ridha ya zagaya bayan rumfarsa. Ga wani dashen zaitun an yi masa aure da reshen wata bishiya, reshen ya kama, ganyensa sak wanda ya tsinta a bakin tokar.

"Wannan fa, daga sama ya faɗo?"

"Reshe ɗaya na tsinka bara, Yallaɓai. Kwaɗayi ne. Amma in sare uwar? To gobe ina zan saci wani?"

Ɓarawo ne, amma maganarsa ta kama hankali. Saura mutum ɗaya ke nan.

Nizar ya tarbe shi a gidansa da fara'a har ta yi yawa. Ya kawo burodi, ya ɗauko kwalbar mai daga kan taga ya tsiyaya a faranti.

"Tun jiya ina cikin gari, ban leƙa gonar ba. Bismilla, Sufeto. Shamlali ne, na kasuwa."

Ridha ya dangwala, nan take yajin man ya sarƙe shi da tari. Ya taɓa kwalbar, sanyi ƙalau, man kuwa garau yake zuba.

"A tagar nan ta kwana?"

"Nan take zama."

"A Sfax aka haife ni, Nizar. Shamlalin gidana yau da cokali muka kwaso shi. Wane Shamlali ne zai kwana a wannan sanyin ya tashi garau?"

Nizar ya ture farantin gefe.

"Masu gini sun taya filin," ya ce a hankali. "Baba ya ce muddin bishiyar na tsaye ba zai sayar ba. Mu muka tashi kamar marayu, ita ce 'yar gata. Na kai tulun bakin rami zan zubar, na kasa. Wa ke zubar da man zaitun a ƙasa?"

Aka sa masa ankwa, aka shigar da shi mota.

Ridha ya kai tsohon bayan rumfar Tahar, ya nuna masa reshen. "Irinka bai mutu ba, Baba."

Si Moncef ya shafa ganyen. Sannan ya juya ya dubi motar da Nizar ke ciki.

"Sufeto, can inda za ku kai shi, akwai bargo? Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jure sanyi."