Igiyar Kogon Jemagu

Da la'asar sakaliya wasu 'yan'uwa biyu suka turo baro zuwa gindin dutse, da buhuna huɗu da doguwar igiya. Sana'arsu ke nan tun zamanin mahaifinsu: su ɗebo kashin jemage daga kogo, su kai wa masu lambu taki. Aiki ne mai wari. Matar ƙanen ba ta barinsa ya taka mata ɗaki sai ya yi wanka sau biyu.

Babban, wanda kowa ke kira Yaya, mutum ne mai zargi. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ƙanen kuwa, Auta, ya ba shekara talatin baya amma har yau bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Shi ne siriri, don haka shi ke shiga, Yaya ya tsaya a waje riƙe da igiya.

Tsofaffi sun ce kogon yana da baki biyu, amma na biyun ba na mutane ba ne. Sun ce a ciki akwai mai kwaikwayo, wanda ke ɗaukar murya da kamanni kamar yadda ake aron riga. Mahaifinsu bai cika son dogon labari ba, doka biyu kawai ya bar musu. A fito kafin jemagu su tashi. Kuma wanda ya shiga da igiya, da igiya zai fito; wanda ya fito ba ita, kada a amsa masa.

Yaya ya ɗaura wa Auta igiyar a ƙugu. Ya yi ƙullin a baya, daidai tsakiyar gadon baya, kamar kullum, inda hannun mai shiga ba ya kai wa da sauƙi.

“Ka matse ni kamar akuyar sayarwa,” in ji Auta.

“Akuya ta fi ka jin magana. Buhu biyu, ka fito. Rana ta yi sanyi.”

Auta ya kunna tocila, ya durƙusa, ya shige. A ciki ba a kiran suna, igiya ce ke magana. Ja ɗaya, sako. Ja biyu, buhu ya cika. Ja uku, jawo ni da sauri.

Buhu na farko ya fito lafiya. Auta ya koma. Igiya ta yi ta tafiya tsakanin yatsun Yaya, har ta wuce tsumman da suka ɗaura alama, inda ba a taɓa wucewa ba. Sai ta tsaya.

Yaya ya jira. Inuwar dutse ta rufe baro. Daga cikin kogon iska mai ɗumi ta fito da warin nan mai yaji a hanci, ga ɗigar ruwa can nesa, ɗis, ɗis. Daga nan sai cuwa-cuwar jemagu ta fara.

Suka fito kamar hayaƙi, suna dukan fuskarsa da fukafukai. Ya sunkuya, bai saki igiya ba. Da suka wuce, wurin ya yi tsit.

“Yaya.”

A bayansa aka faɗa, a hankali.

Ya juya. Auta ne tsaye kusa da baro, jiƙe sharkaf, ba tocila, ba buhu. Ba igiya a ƙugunsa.

“Igiyar ce ta kwance,” ya ce cikin raɗa, haƙoransa na karo. “Na ji ana kwance ta daga bayana, Yaya. Na gudu, na faɗa ruwa, ya fito da ni ta bayan dutse. Taso mu tafi.”

Yaya ya dube shi daga sama har ƙasa. Tabon da ke goshin Auta yana nan, guntun haƙorinsa ma yana nan. Amma mutumin da ya shafe sa'a a cikin kashin jemage, ko ɗigon wari babu a jikinsa. Kuma ƙullinsa bai taɓa kwancewa ba, shekara goma sha biyu. Ya tuna dokar mahaifinsu, bai amsa ba.

Sai igiyar ta motsa a hannunsa.

Ɗaya. Biyu. Uku.

“Kada ka ja,” in ji na tsaye. “Wallahi ba ni ba ne a can.”

Ɗaya, biyu, uku. Wannan karon da gaggawa, irin ta wanda numfashi ke ƙare masa.

Tsoro ya kama Yaya har cikin ƙashi. Idan ƙanensa ne a ciki, kowane numfashin da ya ɓata yana kashe shi. Ya kafa ƙafa a dutse, ya ja.

Igiyar ta fizge shi. Ya faɗi a gwiwa, ta jawo shi har bakin kogo, tafin hannunsa na salewa. Sanyi ya bugi fuskarsa. A cikin duhun wani abu na numfashi.

Hannuwa suka rungume ƙugunsa ta baya.

“Saki, Yaya! Don girman Allah, saki!”

Yaya ya karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya tattara ƙarfinsa, ya kai wa mai riƙe da shi gwiwar hannu a baki. Na bayan ya saki, ya faɗi.

Nan take igiyar ta yi sauƙi.

Ya ja. Ya ja. Kai ya ɓullo, sai kafaɗu. Auta ne, baƙi ƙirin da kashin jemage, yana tari, yana wari kamar yadda ya kamata.

Yaya ya waiwaya. Wancan yana zaune a ƙasa, jini na bin haɓarsa. Bai rikiɗa ba, bai ɓace ba. Kallon Yaya kawai yake yi, irin kallon da Auta ke yi tun yana ƙarami idan an doke shi a kan laifin da bai yi ba.

“Koma inda ka fito!” Yaya ya daka masa tsawa, ya rarumo dutse. Ya jefa, ya sake jefawa, har ya kora shi cikin bakin kogon. Duhu ya haɗiye shi yana kiran Yaya.

Suka bar baro da buhuna, suka sheƙa da gudu. Sai a ƙofar gida, ƙarƙashin fitila, Yaya ya kai hannu zai kwance igiyar.

Ƙullin a gaba yake, a kan cibiya.

“Kwancewa ta yi, na sake ɗaurawa,” in ji Auta, ya yi murmushi. “Tsufa ya fara kama ka, Yaya.”

Sun bar sana'ar tun daga ranar. Auta yana nan lafiya. Yana tsokana kamar dā, ya san sunan kowa, matarsa ta ce ya ma fi dā haƙuri. Abu ɗaya ta lura: ba ya kunna fitila, kuma ko allura ce ta faɗi a duhu sai ya tsinto ta. Yaya kuwa ya rame. Ba ya mancewa cewa hannuwan da suka rungume shi a bakin kogo masu ɗumi ne, kuma baya suke jansa, ba ciki ba.

Ran nan da yamma ya saci jiki ya koma gindin dutsen shi kaɗai. Ya ɗaura dutse a bakin igiya, ya wurga ciki, ya zauna yana riƙe da ita, hawaye na zuba. An daɗe. Sai ta motsa a hankali, ba ƙarfi, sau uku.

Ya miƙe zai ja, sai ya ji hannu mai sanyi a kafaɗarsa.

“Yaya,” in ji Auta, “wa kake jira? Ai ga ni.”