Kwantena Ta Huɗu

Da hantsi suka tare motar 'yan kasuwa a hanyar Ɗan Issa, su uku a kan babur biyu. Kabiru, wanda suke kira Shef, ya ɗirka wa direba harsashi a cinya — tau! Hamisu da Ɗogo suka kwashe jakunkunan fasinja. Suna juyawa sai ga motar jandarma ta ɓullo daga kwana.

Mato ba ya wurin. Shi aikinsa gadin kwantenoni shida a bayan kasuwar Madarumfa, waɗanda 'yan kasuwa ke haya suna ajiye wake da gyaɗa. Ta huɗu Shef ya kama da sunan harkar wake, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa kwana ciki ba. Mato ya sani sarai, ya ja bakinsa ya yi shiru, domin Ɗogo ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Su Shef suka iso a guje, babur ɗaya tayarsa a fashe.

"Buɗe!" in ji Shef. "Ku biyu ku shige da moton. Ni zan ja su wajen Safo, in dawo da mota kahin azahar. Miƙo jakunkunan."

"Shef, wannan ƙarhe ne hwa, kuma bazara ake," in ji Mato. "Ba ya buɗuwa ta ciki."

Shef ya ɗora masa bakin bindiga a ƙirji.

"Yaya, ruhe kawai," Ɗogo ya ce, yana murmushin ƙarfin hali. "Awa guda ce."

Hamisu da Ɗogo suka shige da babur ɗin, Mato ya ja sandunan ƙofar, ya datse kwaɗo.

Ba a yi minti goma ba jandarma suka iso. Mota ɗaya ta bi Shef, ɗaya ta tsaya a inuwar bishiyar bedin da Mato ke zama, taku ashirin daga kwantenar. Ajidan Shu'aibu, babbansu, ya sauko yana share gumi.

"Malam, ka ga masu moto?"

"Sun wuce, ranka ya daɗe."

"Ɗaya ya wuce. Biyu suna cikin garin nan, kuma nan za mu jira su."

Ya ja bencin Mato ya zauna.

Rana ta take. Mato ya san halin ƙarfen nan fiye da kowa. Da tsakar rana ko akuya ba ta raɓarsa. Makulli na aljihunsa. In ya buɗe, ya miƙa ƙanensa gidan kaso da hannunsa, shi ma ya bi shi. In ya jira, Shef zai zo. Haka ya riƙa faɗa wa kansa, kuma wallahi ya so ya yarda.

Sai bugu ya fara. Ƙwan. Ƙwan. A hankali, daga ciki.

Tsoro ya kama Mato, ya murɗa rediyonsa har ƙarshe. Ganga ta cika wurin. Wani jandarma har yana kaɗa ƙafa.

Aka kira azahar, babu Shef. Wayar ajidan ta yi ƙara, ya saurara, ya yi tsaki.

"Ɗan banzan ya tsallaka Najeriya da kayan duka, tun sha biyu."

Mato ya kashe rediyo. Ya kasa kunne. Babu bugu.

Ya tashi, ya ajiye makulli a tafin ajidan.

"Ta huɗu. Ƙanena na ciki. Don Allah ku yi sauri."

Suka zagaye ta da bindigogi. Kwaɗon ma sai da tsumma aka iya taɓa shi. Ƙofa na buɗuwa zafi ya buso kamar na tanderu. Hamisu na kwance, bakinsa manne da 'yar kafar da ke ƙasan ƙofa, yana numfashi da ƙyar. Kafar ta mutum ɗaya ce, shi kuwa ya fi ƙarfi. Ɗogo na bayansa a kife, dutsen da ya yi bugu da shi yana hannunsa.

Direban da aka harba ya rasa ƙafa. Hamisu ya rayu, ya kuma tona kowa. Shef har yau ba labarinsa.

Amma a ranar, da aka jawo gawar Ɗogo aka shimfiɗe a rana, Mato ya durƙusa da ankwa a hannu.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in kai shi inuwa."

Ajidan ya dube shi.

"Awa huɗu kana zaune cikinta," ya ce. "Tashi mu tahi."