Muryar Baba da Aka Goge

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da dutse na farko ya sauka a rufin ɗakin da kwamfutar marigayi Baba take. Mama na tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ɗaga kai, ta ce yaran makwabta ne. Na biyu ya sauka, sai na uku, a hankali, kamar mai jifan yana jira a amsa masa. Aka leƙa bayan katanga, babu kowa.

Babban ɗanta, wanda ake tsokana da suna Injiniya, yana cikin ɗakin, motar wasansa na tsere a kan allon kwamfutar. Bai fito ba.

Kwana huɗu kafin nan ya sauya wa kwamfutar manhaja. Abokansa duk sun koma Linux suna ta yabonta: kyauta ce, cikinta a buɗe yake ga mai son gyarawa, tsohuwar na'ura ma takan saki jiki wasa ya tafi sumul. Ya ɗora ta a filashi ya soka a kwamfutar. Can sai ta tambaye shi, a ajiye abin da ke ciki a gefe, ko a goge komai? Wasanninsa na cin wuri. Kuma ya san abin da ke ciki: muryar Baba ce, wadda ya naɗa a watannin jinyarsa, karatu da nasiha, da tarinsa a tsakani. Kullum kafin magariba ƙanwarsa Auta takan kunna ta zauna. Injiniya ya ce a ransa ai ba za a rasa kwafi a wayar wani ba. Bai tambayi kowa ba. Ya danna.

Babu kwafi a ko'ina. Ya ce musu ƙwayar cutar kwamfuta ce ta cinye komai, da ƙyar ma ya ceto na'urar. Mama ta sa masa albarka. Auta ba ta yi kuka ba, abinci kawai ta daina ci.

Jifan ya dawo washegari a daidai lokacin. Rana ta uku fankar kwamfutar ta riƙa juyawa alhali an zare wayar daga bango. Rana ta huɗu suka tarar da Auta zaune gaban baƙin allo, bayanta a miƙe, idonta ba ya ƙiftawa.

"Kunna," ta ce. Muryar ba tata ba ce, mai kauri ce, ta tsufa.

Mama ta aika a kira Malam, abokin marigayi. Ya zo hasken yamma na janyewa daga bango. Ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana karatu, har jikin Auta ya fara rawa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Baƙo ne. Shekara tara ina bayan teburin nan. Ban taɓa cutar da kowa ba."

"To me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Tare muke saurare, ita a kujera, ni a ƙasa. Karatun tsohon nan ne ya zaunar da ni. A mayar min da shi."

Malam ya dubi Injiniya. Injiniya ya girgiza kai.

"Abin da ya tafi ya tafi," Malam ya ce. "Cuta ce ta cinye."

Aljanin ya yi dariya da bakin Auta, dariya marar daɗi. "Cuta? Ina wurin. Cutar tana da yatsa. A ba ni yatsan in tafi."

"Ba za ka taɓa jinin gidan nan ba. Ka ji tsoron Allah, ka nemi wani abin."

Fankar ta tsaya.

"To mai yatsan ya faɗa da bakinsa," in ji aljanin.

Injiniya ya matso. Ya durƙusa gaban Mama, bai iya kallon fuskarta ba. "Mama, ni ne. Kwamfutar ta tambaye ni, na ce a goge. Saboda wasa. Na yi miki ƙarya, kika sa min albarka."

Mama ta ja da baya. Ta dafa bango.

"Na ji," in ji aljanin. "Ba ni da sauran zama a nan."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale. Malam ya tofa mata addu'a a ruwa, aka shafa mata. Da ta buɗe ido, yayanta ta fara gani durƙushe, fuskarsa jiƙe da hawaye.

"Yaya, me ya faru? Wa ya rasu?"

Ya juya wajen Mama, yana roƙonta da ido ta faɗa a madadinsa. Mama ta gyara mayafinta, ta kama hanyar fita, Malam na biye da ita. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Aljani ya ji, ni ma na ji," ta ce. "Saura mai abin."

Ta ja musu ƙofar.