Sunan Nilsa a Jikin Dutse

Ƙarfe bakwai na safe ne, cikin watan Disamba, yayyafi mai sanyi yana sauka a kan gonakin zaitun tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya sai dai ya bi shi a hankali har cikin ƙashi. Nilsa tana tsaye a ƙofar gidan matsar mai na ƙungiyar manoma, ta rungume wata takarda da ta naɗe cikin leda, ma'aikata suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a sunkuye. Helman wurin, Don Fulgencio, ya tare ƙofa da jikinsa, amma ya kasa kallon idonta.

"'Yata, koma gida tukuna," in ji shi. "An kai ƙara ofishin baƙi, wai zamanki da Isidro na ƙarya ne, wai don takarda kuka shirya shi. Shugabanni sun tsorata. Sun ce ki dakata sai an gama bincike."

"Don Fulgencio, ga takardata! Kai da kanka ka karanta ta, ka ce ta ba ni damar aiki kafin katina ya fito... Me na yi? Na taɓa makara?"

"Ba ki taɓa ba," ya ce, sannan ya ja ƙofar a hankali, kamar mai tsoron kada ta ji zafi.

Wayyo Nilsa! Shekara huɗu ke nan da ta baro ƙasarsu Paraguay ta zo wannan gari don jinyar wata tsohuwa, Doña Amparo. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta a gado, ita ke ba ta miyar wake a baki cokali-cokali. A gidan ne suka shaƙu da Isidro, autan tsohuwar, mutum mai shiru-shiru wanda bai iya doguwar magana ba sai dai aiki. Bayan rasuwar tsohuwa suka ci gaba da zama, suka je ofishin gari aka rubuta zamansu a rajista kamar yadda mutane da yawa suke yi, biki kuma suka ce sai ranar da uwar Nilsa za ta samu zuwa. Da wannan rajistar Isidro ya tsaya mata aka nema mata izinin zama, aka ba ta takardar jira wadda ta halatta mata aiki. Ranar da ta fara aiki da sunanta na gaskiya, a fili, ba ɓoye-ɓoye, sai da ta yi kuka don murna. To, mako uku da suka wuce tarakta ta kife da Isidro a gangaren gona. Yana kwance a asibitin birni, bai san wanda ke kansa ba. Idan aka ƙi amincewa da zaman nasu, takarda ta mutu, aiki ya tafi, ita ma dole ta bar ƙasar ta bar shi kwance.

Ta kama hanyar gida tana tafe tana share fuska, ba ta san wanne ne ruwan sama wanne ne hawaye ba. Da ta isa ta zura makulli, ya ƙi juyawa. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Sai a lokacin ta lura da manyan ledoji baƙaƙe guda uku a bakin ƙofa, ruwa yana dukansu, hannun rigarta mai furanni ya leƙo daga ɗaya. Aka buɗe tagar sama. Remedios ce, wadda ake kira Reme, yayar Isidro, wadda ta zo daga birni da sunan jinyar ƙane.

"A'a, gimbiya ta dawo da wuri!" in ji Reme. "Ba aiki yau? Kwashe tsummokaranki. Gidan uwata ne wannan, ba masaukin baƙi ba."

"Reme, don Allah... nan ne gidana. Ko hotonmu ki bar ni in ɗauka."

"Gidanki? Jinya aka ɗauke ki, wadda kike jinyar ta mutu, kika maƙale kamar kaska. Kin sami sakarai kin sa shi ya sa hannu. Yanzu ba shi da bakin da zai kare ki!"

Nilsa ta durƙusa a kan duwatsun titi tana tattara kayanta, tana cewa, "Ya Ubangiji, kai ka ga abin da ke cikin zuciyata... Ya Uwa Maryamu, kada ki bar ni!" Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Doña Encarna ce, tsohuwar maƙwabciyarsu, da tsintsiya a hannu.

"Tashi, 'yata, tashi, kada ki ba wa mujiyar can abin kallo. Ina da gado, tun da mijina Paco ya mutu babu mai munshari a kai. Ke dai ba kya yi, ko?"

Cikin kukan sai da Nilsa ta yi ɗan murmushi.

Kwana goma ta yi a gidan Encarna. Kullum da rana takan hau motar safa zuwa asibiti, a ba ta minti goma, ta riƙe hannun Isidro mai kaushi tana ba shi labarin ƙarya mai daɗi. "An kusa gama girbi, masoyina. Man bana ya yi kyau. Gida lafiya lau... kai kaɗai muke jira." Sai ta fito waje ta jingina da bango ta yi kukan da ta hana kanta a ciki. Wani mai gona ya tare ta a tashar mota ya ce ta zo ta yi masa girbi a ɓoye, babu mai sani. Ta gode masa, ta ce a'a. Ta ce Isidro ya sha wuya kafin ta sami aiki na halal, ba za ta ɓata masa shi yana kwance ba.

A rana ta goma sha ɗaya da hantsi 'yan sanda biyu suka iso don su gani da idonsu ko da gaske ana zaman tare, wata mace mai littafi a hannu da abokin aikinta. Reme ta tarbe su da kofi da fara'a, ta zaga da su ɗaki-ɗaki. Babu rigar mace a ma'ajiyar kaya, babu hoto a bango, ko buroshin haƙori na biyu babu. Suka fito titi inda Nilsa take tsaye, matan unguwa kuma kowacce ta fito da tsintsiya tana share ƙofar da ta riga ta share tun safe.

"Kin ce nan kike zaune," in ji 'yar sandar, ba da faɗa ba. "Amma ban ga alamarki ba ko ɗaya."

"An fitar da kayana ne, ranki ya daɗe..."

"Ƙarya take!" Reme ta katse ta. "Maƙwabta za su iya faɗin komai don tausayi. Ni 'yar gida ce. Uwata har ta mutu ba ta taɓa ɗaukar yarinyar nan a bakin komai ba sai 'yar aiki!"

Nan Encarna ta jingina tsintsiyarta da bango, ta goge hannu a jikin zane, ta matso a hankali.

"Remedios, ni na riƙe ki ranar da aka yi miki baftisma, har kika yi mini fitsari a sabuwar riga. Faɗa mini, yaushe rabonki da uwarki?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Uwata ta rasu!"

"Na sani, ai ina wurin. Cewa na yi yaushe rabonki da kabarinta? Ranar Tsarkaka, ranar ziyarar kaburbura, sau biyu ta wuce, kowace mace a garin nan ta ɗauki bokiti da furanni ta je ta wanke nata. Ke fa? Ranki ya daɗe," ta juya ga 'yar sandar, "in ƙafarki za ta iya minti biyar, zo ki ga alamar da ba a iya sawa a leda."

Haka aka ɗunguma zuwa maƙabarta, 'yan sanda a gaba, mata a baya. A garin a jikin bango ake binne mamata hawa-hawa, kabarin Doña Amparo kuwa yana hawa na huɗu, sai da tsani ake kai wa gare shi. Dutsen yana sheƙi, furannin jikinsa ba su gama bushewa ba. 'Yar sandar ta hau, ta goge ruwan da hannun rigarta, ta karanta da ƙarfi: "Amparo Quesada Linares. 'Ya'yanki Remedios da Isidro, da surukarki Nilsa, ba za su manta da ke ba."



"Surukarki!" in ji Encarna. "Amparo da bakinta ta faɗi kalmomin nan, kwana uku kafin ta cika, ni na rubuta na kai wa mai sassaƙa. Takardar tana wurinsa da kwanan wata. Shekara biyu ke nan, tun ba a yi zancen wani izini ba. An kafa dutsen wata guda bayan jana'iza, ita kuwa wannan tuni ta koma birni. Da ta taɓa zuwa sau ɗaya tak, da ta san ƙaryar da za ta yi!"

"Ke me ya sa ba ki ambaci wannan ba?" 'yar sandar ta tambayi Nilsa.

Nilsa ta fashe da kuka. "Ban ɗauke shi shaida ba, ranki ya daɗe... Kyauta ce Mama ta bar mini. Ban san ana kai irin wannan ofis ba."

Fuskar Reme ta yi fari fat. Matan suka juya mata baya ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya san ƙaramin gari ya san wannan ya fi mari zafi. A ranar aka sa ta buɗe gida ta miƙa makulli. Daga baya ta tsaya gaban alƙali a kan ƙarar ƙaryar da ta kai ofishin baƙi da korar mutum daga gidansa, aka hukunta ta, kuma har yau in ta shiga gidan burodi sai hira ta mutu.

Washegari Don Fulgencio ya zo da kansa, hula a hannu, ya ce injin tace mai yana kewarta. Kafin Kirsimeti Isidro ya buɗe ido, maganarsa ta farko kuwa ita ce, "An gama girbi?" Nilsa tana dariya tana kuka ta ce, "Ka ji mutum! Ni ba za ka tambaye ni ba sai zaitun?" Katinta ya iso da bazara, shi kuma yana takawa da sanda.

Da Ranar Tsarkaka ta zagayo, Nilsa ta je maƙabarta da bokitinta, sai ta tarar an riga ta. Reme ce, ita kaɗai, ta hau tsani har mataki na uku da furanni a hannu, tsanin yana lilo a kan tsakuwa, ta kasa gaba ta kasa baya. Babu wadda ta kula ta cikin matan da ke wurin. Nilsa ta ajiye bokitin, ta je ta riƙe ƙafafun tsanin da hannu biyu. Reme ta dubi ƙasa ta ga ko wace ce. Ta ƙarasa hawa, ta daɗe a sama kafaɗunta suna girgiza, sannan ta sauko ta wuce ba ko waiwaye. Nilsa ta matse tsummanta, ta hau.