Haruffan da Suka Ɓace

Auta ta ajiye wata na'urar wasan gem a kan teburin mai gyara. Ya ɗago daga wayar da yake kwancewa, ya ga ƙwalla cike da idonta, sai ya manta da abin da yake yi.

"Lafiya, 'yar'uwa?"

"Ta yayana ce, Allah ya yi masa rasuwa. Shi ya yi mata kwaskwarima da kansa. Kullum Baba sai ya kunna ya kalli sunan yayan nawa a saman jerin gwanayen wasan, ga idonsa ya yi rauni. Shi ya sa na ɗora manyan haruffa a kan na asali."

Ya kunna. Ko harafi ɗaya babu a allon, sai 'yan akwatuna farare jere reras.

"Kada ki ƙara danna komai. A cikin akwatunan nan akwai wanda ke goge duk abin da ke ciki."

Auta ta dafe ƙirji. Baba bai ma san ta fito da ita ba.

Dabara ɗaya ta rage masa: ya aro irinta sak, ya ajiye su gefe da gefe, ya riƙa karantawa a mai lafiyar yana dannawa a makauniyar. Kafin a samo, kullum Auta sai ta leƙo, wai duba aiki take. Aikin da ko taɓa shi ba a yi ba!

"Autata, kin ci abinci kuwa?" mai gyara ya rubuto mata a waya.

"Injiniyana, tsoro ya hana ni. Yau ma Baba ya birkice ɗaki yana nema."

Wannan saƙon Baba ya gani. Ya tasa ta gaba har shago, ko sallama bai yi ba.

"Kai ne mai wasan yaran da ke hure mata kunne? Ba ni kayan ɗana, kuma kada in ƙara ganinka kusa da ita."

"Baba, ku yi haƙuri. In kuka tafi da ita haka, dannawa ɗaya za ta share sunansa. Yau aka kawo ta aron, ku bari a yi a gabanku."

Baba ya ja kujera ya zauna, fuska a murtuke.

Aiki ya tafi daidai, har mai gyara ya lura akwatunan makauniyar sun fi layukan ta aron yawa. Marigayi ya ƙara nasa layin, ba wanda ya san a ina. Zufa ta karyo masa. Auta ta toshe baki da mayafi.

"Baba, in kun kunna, ina kuke bi?"

Baba ya miƙa yatsa ya nuna. "Nan nake shiga in ga sunansa."

Layin da aka ƙara ke nan. Mai gyara ya tsallake shi, ya sauka ƙasa kan layin gyara haruffa, ya yi bisimilla ya danna. Allon ya yi baƙi ƙirin. Babu mai numfashin kirki a shagon.

Can haske ya dawo, haruffa manya ɓaro-ɓaro. Baba ya karanta sunan ɗansa da ƙarfi. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Yaro, su waye iyayenka?"

Ranar ɗaurin auren Auta da mai gyara, Baba ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Na rasa ɗa, Allah ya ba ni wani. Ga Auta nan amana. Allah ya yi muku albarka."

Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa.