Warƙa Biyu da Ruwa Ya Manne

Igiyar gafakar ce ta fara ɗaukar idon Sakinatu. Mahaifinta, Malam Abdussalami, bahago ne, kullum daga hagu yake naɗe ta. Yau kuwa daga dama aka naɗo, zagaye uku, aka soke bakin da kyau. Ta sauko da gafakar daga ƙusa ta buɗe. Kwalin sukari ne a ciki, an yanka shi daidai girman kundin waƙar da ake ajiyewa a cikinta. Kundin babu.

Malam shi ne jagoran 'yan begen ƙauyensu da ke gabas da garin Rufa'a, can kudu da Khartum, manoman auduga tara da bandiri uku. Duk watan Mauludi sukan bi ƙauyuka suna yabon Annabi bayan la'asar. Bana sun yi Dinder, sun yi Rufa'a. Saura Managil jibi, inda ake rufewa da Waƙar Hanya, baiti ɗari uku da kakan Malam ya rubuta da ajami a tafiyarsu daga Sakkwato. Ita ce ke cikin kundin; sau ɗaya ake yin ta a shekara, ba wanda ya haddace ta duka.

Kafin azahar magana ta zaga bakin tur'a, magudanar ban ruwan gonaki inda mata ke ɗibar ruwa: Sakinatu 'yar jami'a ta sayar da kundi. Ai ita ce ta taɓa faɗa a zaure cewa a Khartum akwai inda ake adana tsofaffin takardu.

"In ke ce, ɗiyata, ki faɗa mini ni kaɗai," in ji Malam, idonsa a ƙasa.

Sakinatu ba mai yawan magana ba ce, ko a aji baya take zama. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ta sami Jibo mai bandiri yana gasa fatarsa a bakin garwashi don ta ɗaure.

"Baffa Jibo, kai ka sauko da gafaka daga lori ran Litinin?"

"Ni ne, ya ustaza. Ran Talata ma Malam ya buɗe ta gabanmu. Mi zan yi da takarda, ni da ban san alif ba?"

Ta dubi hannunsa. Man da yake shafa wa fata ya kama har farcensa, duk abin da ya taɓa sai ya bar shaida. Kwalin kuwa fes yake.

Mahadi, ɗan begen da ya sha roƙon a ba shi aron kundin, yana hawasharsa, wato gonarsa ta auduga, cikin taɓo har gwiwa.

"Jiya layina ne na ban ruwa. Tun asuba nike nan, tambayi mai gadin tur'a."

Ta tambaya. Haka ne.

A gida Gwaggo Yalwa, ƙanwar Malam, tana soya bunnu, wato 'ya'yan gahawa.

"Gwaggo, wa ya shiga zaure jiya?"

"Wa bai shiga ba? Zauren ubanki kasuwa ne. Ni abin da ya dame ni butata. Asabe matar Sodangi ta zo aro, wai mijinta ya bar tata a wuta har gindinta ya huje. Mutumin da ko shayi ba ya sha!"

Sakinatu ta juya maganar a ranta. Sodangi shi ne mai karɓa wa Malam murya, shekara goma sha biyar ke nan tun da ya taso daga Dinder. Me mutum zai yi da buta tana tafasa, in ba ruwan yake so ba?

Da la'asar ta tsaya a ƙofar zaure.

"Baba, a gwada haɗa waƙar da ka. Kowa ya kawo abin da ya riƙe, ni in rubuta."

Ba wanda ya kalle ta, amma ba su da wata dabara. Jibo ya taɓa bandiri. Malam ya ja, suka amsa. In ya kakare wani ya cika, in an yi tuntuɓe Sodangi ya gyara, idonsa a rufe. Suka wuce fitowa daga gida, suka wuce sahara, suka iso baitin da ayarin ya sauka a bakin rijiya. Malam ya ja numfashi zai tsallaka zuwa ganin kogi, kamar kullum.

Sodangi bai tsaya ba. Waƙa ta ɗauke shi, ya zarce da wasu baitoci masu jero sunayen waɗanda aka binne a bakin rijiyar, ana roƙa musu ceton Ma'aiki. Ba wanda ya amsa, don ba wanda ya san amshin. Bandiri ya mutu a hannun Jibo.

"Rabona da jin wannan tun bakin mahaifina," in ji Malam a hankali.

Sakinatu ta ajiye alƙalami.

"Baffa Sodangi, ina ƙarama ni ke juya wa Baba warƙar kundin. Akwai biyu da ruwa ya manne tun shekarar ambaliya, kafin ka zo garin nan. Baba bai taɓa yarda a raba su ba, don kada su yage. Abin da ke tsakaninsu ba a taɓa rera shi a gabanka ba. Wanda ya san shi, ya raba su ne. Da tururin buta ake raba takarda ba ta yage ba. Igiyar ma ka naɗe ta yadda 'yan bege ke yi, sai dai da hannun dama."

Sodangi ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da ƙunshin farin ƙyalle, ƙamshin sandal yana tashi. Ya ɗora a gwiwar Malam.

"Na ji za a kai shi Khartum a kulle a gilashi. Na ce bari in zuba shi a kaina tukuna. Bayan Managil zan maido."

"Kana jin abin da ake faɗa kan yarinyar nan tun safe," in ji Malam, "ka zauna kana gyara mini baiti?"

Sodangi ya sunkuyar da kai.

Malam ya buɗe ƙyallen. Warƙoƙin biyu sun rabu sarai, tawada ta ɗan yi jirwaye amma ana karantawa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa Sakinatu kundin da hannu biyu.

"Zo nan kusa da ni, ki karanto mana. Jibo, gasa fatarka."

Ta shigo ta zauna. Da ta ɗaga kai daga layin farko, sai ta ga Sodangi a bakin ƙofa, takalmansa a hannu. Ya tsaya har aka kai ƙarshen baitin, leɓensa na motsi, sannan ya bi hanyar tur'a.